Damagaram: kafin a kira baƙo, a tanadi ruwan da za a ba shi

A bazarar da ta wuce wani aminin mahaifina ya zo daga Kano, shi da 'ya'yansa biyu, ɗaurin auren ƙanwata. Ranar da suka sauka, famfon gidanmu ya kwana tara bai ɗiga ba. Muka ɓoye masa. Matan gida kan tashi tun kafin assalatu su bi layin bido, mu kuma mu tare 'yan ga-ruwa da rana, duk abin da suka ce mu biya. Bayan an shafa fatiha ya ce in kai shi Birni. Muka bi lunguna a ƙafa har muka tsaya ƙofar wani tsohon gida mai zanko, gabansa duk zane. Ya daɗe yana kallo, ya sa hannu ya shafa bangon, ya ce: "Ɗana, irin wannan a wajenmu siminti ya kusa cinye shi. Ku kuna da shi, kuna wucewa ba ku ko ɗaga kai." Daga nan muka shiga wajen dukawa, ya sayi takalma ƙafa shida da alabe, ya sa aka ɗaure masa alkaki na tsaraba. Ya yi niyyar kwana huɗu. A dare na biyu ya fito alwala ya ga mata na shigowa da bido a ka, gari na wayewa ya ce wani uzuri ya taso masa. Na ce: "Baba, ai ba mu je Mirya ba." Ya ce: "Wata rana, in Allah Ya yarda." Na san nauyinmu ya ji.

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ana maganar bunƙasa jihar Damagaram da jawo masu yawon buɗe ido, wannan dattijo nake tunawa. Shi ne baƙon da ya kamata mu yi wa shiri, kuma abin da ya kore shi shi ya kamata ya zo farko a cikin lissafi.

Mun saba, in an ce ɗan yawon buɗe ido, sai mu hango Bature da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Akwai lokacin da haka ne. Masu ƙetara hamada daga Aljeriya kan biyo ta Agadas su kwana a nan kafin su wuce Kano ko Yamai. Tawayen arewa na 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka yanke wannan hanya, kuma har yau ƙasashen Turai na gargaɗin mutanensu game da zuwa Nijar. Ba magajin gari ba, ba gwamna ba, babu wanda ke da ikon sauya wannan daga Damagaram. Wanda ya ɗora shirin jiha a kan dawowarsu ya shuka a gonar da ba tasa ba. Ko a zamanin da suke zuwa ma, kwana ɗaya ko biyu suke yi, Agadas da Ayar suka nufa, mu zango ne.

Kalmar zango kuwa ba abin kunya ba ce, da ita garin nan ya tashi. Unguwa guda ce sukutum ke ɗauke da sunan. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimana, wanda ya yi mulki har 1884, ya ja ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi a cikin gari, ayarin da ya taso daga Tarabulus ta Ghat da Ayar a nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano ko Barno. Fatu da gashin jimina na fita, har da bayi, kada mu ɓoye wannan. Tufafi da takarda da makamai na shigowa. Attajirai irin su Malam Yaro a kan wannan ciniki suka yi suna. Bajamushe Barth da ya iso a watan Disamba na 1852, ya tarar da gari ne da ya san yadda ake sauke baƙo: akwai fatoma mai masauki, akwai dillali, akwai mai awo, akwai wanda zai tsaya maka in an cuce ka. Ba kallo ke kawo mutane ba, kasuwa ce, kallon na biyo baya.

Abubuwa biyu suka karya wannan. Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, kayan da ke bin raƙumi suka koma bin teku ta Legas. Sannan Faransawa, waɗanda suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka mai da shi babban birnin mulkinsu, a 1926 suka kwashe suka koma Yamai. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai kusancinmu da Kano ta Ingilishi, akwai kuma ƙarancin ruwa. Wato ƙishirwa ta taɓa raba mu da sarautar ƙasa tun shekara kusan ɗari da suka wuce.

Dalilin ƙishirwar a fili yake ga duk wanda ya dubi duwatsun da ke tsaye tsakiyar Birni. Garin a kan fa yake zaune. Ruwan sama in ya sauka ba ya nitsewa ya taru a ƙarƙashi yadda yake yi a ƙasa mai yashi, sai ya kwanta a tafkuna, rana ta shanye shi. Shi ya sa ake jawo ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, ta bututu mai tsawon kilomita da yawa, da injuna masu buƙatar wuta dare da rana. Kowane sabon aiki da aka ƙaddamar yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, sannan gari ya ƙaru ya sha kansa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da rabi a jihar, ta fi kowace jiha a Nijar, birnin kansa ya haura dubu 300, kuma tun daga lokacin unguwanni nawa aka yanka? Ana auna ruwa da yawan mutanen jiya, ana gama aikin mutanen gobe sun riga sun iso.

Mai otal da ke sayen ruwa a tanki dole ya ɗora kuɗin a kan ɗaki. Majemi ba ya jima sai da ruwa mai yawa. Mai kilishi, mai alkaki, mai matse man gyaɗa, mahauci a kwata, kowa da ruwa yake aiki, ba banza aka ce ruwa abokin aiki ba. Saboda haka in an zauna rabon kasafi aka ware ruwa gefe guda a matsayin jin ƙai, aka sa masana'antu da yawon buɗe ido a wani gefe a matsayin ci gaba, an raba abin da ba ya rabuwa. Kuma a shekarun nan sallolin biyu cikin zafi suke faɗowa, tsakanin Maris da Yuni, daidai lokacin da famfo ke bushewa. Ranar da muke da abin nunawa mafi kyau, hawan sarki da dawaki da lifidi da algaita, ita ce ranar da ba mu da abin ba baƙo ya yi wanka.

Abu na biyu shi ne hanya da iyaka. Daga nan zuwa Kano kilomita wajen 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900. Duk wanda ya taɓa ciniki a Kasuwar Dole ranar Alhamis ya san inda kaya ke fitowa da inda suke nufa. Arzikinmu kudu yake kallo, takardunmu na kallon yamma. Mun ɗanɗana abin da wannan ke nufi sau biyu a kusa-kusa: lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina. Ga faɗuwar naira, wadda ta sa ɗan Kano ke ganin kayanmu da tsada, makiyayinmu kuma ya sayar da sa a Maigatari ya canza kuɗin zuwa sefa ya ga ba abin da ya rage. Darajar naira ba a hannunmu take ba, siyasar manyan birane ma haka. Amma yawan shingayen da ke tsakanin Dan Barto, a bakin iyakar Najeriya, da tashar Damagaram, da abin da ake karɓa a kowane shinge, da irin fuskar da ake tarbar matafiyi da ita, waɗannan a hannun hukumomin ƙasar nan suke. Mutumin da aka sauke sau bakwai a tafiyar awa huɗu, da iyalinsa a mota, ba zai sake zuwa don nishaɗi ba, sai dole.

A nan akwai abin da nake ganin ba mu ba shi hankalin da ya kamata ba. Layin dogon da Najeriya ke shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura zai bi. Maraɗi za ta sami tasha, mu ba za mu samu ba. Tasha mafi kusa da mu ita ce Daura. In hanyar Matamaye zuwa iyaka tana da kyau kuma ba a wahalar da mai kaya, jirgin namu ne mu ma. In ba haka ba, waken Magarya da ridin Dungas da dabbobin Tanut za su riƙa zagayawa ta Maraɗi, ladan dillanci da na sufuri su tafi can. Abin da jirgin 1911 ya yi mana yana iya maimaituwa, kuma wannan karon muna gani tun daga nesa. Haka hanyar Tanut zuwa Agadas: ita ce ta mai da mu mahaɗa tsakanin hamada da Kano, in ta lalace mun koma lungu.

Wani zai ce ai muna da man fetur. Gaskiya ne, matatar SORAZ na aiki tun Nuwamba 2011 a arewacin gari, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin Sin CNPC, kashi 40 na gwamnati. Abin alfahari ne, kuma ta rufa wa ƙasa asiri lokacin takunkumi. Sai dai matata aikin injuna ce, mutanen da take ɗauka ba su kai cikin cokali ba a jiha mai miliyoyi. Matasan da suka ci abinci da fetur a garin nan galibi 'yan ruwa-ruwa ne masu sayar da na Najeriya a kwalba, su ma da aka cire tallafi a can a 2023 sana'ar ta durƙushe, kowa ya koma gidan mai, har aka shiga dogon layi a Maris 2025. Amfanin fetur ga talakan Damagaram ba a ƙofar matata yake ba, yana cikin kason da doka ta ware wa yankunan da ake aikin mai a cikinsu, kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen shiga. Tambayar da ta kamata kowane ɗan jiha ya riƙa yi ita ce nawa ya shigo bana, kuma bututun ruwa nawa aka shimfiɗa da shi.

Inda aikin yi na gaske yake shi ne a abin da muke fitarwa ɗanye. Dabba ta tashi daga Tesker ko Belbeji ta tafi kudu da ƙafafunta, da namanta da fatarta da ƙahonta, duk ribar da ke cikin yanka da jima da ɗinki ta bi ta. Kirgi ma a can kudu ci ake yi. Alhali a nan muna da majema da suka gaji aiki da bagaruwa tun kaka da kakanni, muna da dukawan da aikinsu ya yi suna har ƙetare. Na zauna wajen wani baduku na ga yadda yake tsaga fata siriri kamar zare da wuƙar da ba ta kai yatsa ba, yana saƙa ja da kore a bakin alabe ba tare da ya duba ba. Ya ce mini abin da ke damunsa ba hannu ba ne, fata mai kyau ce ke wuya, don masu kuɗi sun riga sun kwashe ta tun a kwata, sannan mai saye na gida ya fi son takalmin roba mai araha. 'Ya'yansa biyu kabu-kabu suke yi. A da akwai masana'antun man gyaɗa a Matamaye da Magarya, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka kashe su, ba a sake tayar da makamancinsu ba. Raken kwarin Korama, dabinon Gidimuni, kayan lambun Mirya, kanwar ƙasar Gure, duk haka suke fita, ko su lalace a bakin hanya. Ba babbar masana'anta nake kira a gina ba, mun ga yadda irinsu ke ƙarewa. Ƙananan injuna ne a hannun masu sana'ar, da wuta tsayayya, da bashin da ba ya shaƙe wuya, da kwali mai tsabta da za a sa alkaki ko kilishi ya kai Abuja bai lalace ba. Baƙon da ya zo kallo, abin da zai bar mana kuɗi a kansa ke nan. Kallon bango kyauta ne, tsaraba ce ake biya.

To sai Birni kansa, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Tun 2006 aka sa tsohon garin da fadar sarki a jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Agadas ta shiga a 2013. Mu har yau muna bakin ƙofa. A farkon Satumba 2024, cikin ruwan da aka yi kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe mutane na kallo. Wanda bai taɓa salla a cikinsa ba ma ya ji abin a jikinsa.

Yana da sauƙi a zargi mutanen unguwa da cewa sun rushe gadon kakanni sun sa bulo da kwano. Ni ba na zarginsu. Ginin ƙasa kamar dabba yake, kullum yana son kiwo: yaɓe kafin damina, gyaran indararo, duba azara ko gara ta shiga. A da gida na da mutum ashirin masu hannu, ana gayya a gama yaɓe a kwana biyu. Yau gidan ya zama gado tsakanin magada goma sha, rabi suna Yamai ko Libiya, wanda ke ciki shi ne mafi ƙarancin hali. Azarar giginya ta yi tsada, makuba ta yi wuya, maginan da suka iya ɗaurin guga da zane sun tsufa, yaransu sun koma aikin siminti don can ne kuɗi. Mai gida ya ga in ya shafe bangon da siminti ya huta, bai san siminti ba ya kama ƙasa ba: ruwa ya shiga ta tsaga, ya kwanta a ciki ba hanyar fita, wata rana ɓangaren ya zube gaba ɗaya. Ga lungunan da babu magudana, ruwa na cin gindin bango kowace shekara. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana, amma ginin ƙasa bayan zane ma yana son wanda zai riƙa dawowa.

Abin da Birni ke buƙata ba kuɗi ne mai yawa a lokaci guda ba, kuɗi ne kaɗan da ba ya yankewa. Asusun yaɓe na kowace shekara, wanda zai ɗauke wa mai gida rabin nauyi in ya yarda ya bar fuskar gidansa yadda take. Magudanun ruwa. A haɗa dattawan magina da matasa a biya su suna koyarwa, Jami'ar André Salifou ta rubuta abin da ke kansu kafin su tafi da shi. Kuma a bar mutane su sa famfo da wuta da makewayi na zamani a cikin gidajen, don unguwar da masu ita suka gudu ba ta tsayuwa, ko an kewaye ta da waya.

Mun ga ɗayan salon. Sau biyu bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba ya zo nan, a 2006 da kuma 2018 da sunan Zinder Sabuwa. Ba zan ce ba a amfana ba: an sami kwalta, an sami fitilu, an gyara filin jirgi, gari ya yi kyau. Amma aiki ne na gaggawa da ake yi ana kallon ranar biki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙi suka zo mako guda suka watse, aka bar wa gari gine-ginen da ba a tanadi kuɗin kula da su ba. Da kaɗan daga abin da aka kashe a lokacin aka ajiye don yaɓen Birni da magudanansa shekara-shekara, ina jin da wasu bangayen da suka faɗi suna tsaye.

Akwai masu cewa, kuma cikinsu har da malaman da nake girmamawa, yawon buɗe ido ƙofar ɓarna ce, kuma wanda ke fama da hatsin gobe ina shi ina maganar kallo. Damuwarsu tana da tushe in irin baƙon da muka fara ambata ake nufi. Amma baƙon da nake magana a kai yana jin Hausa, yana salla tare da mu, abin da muke ci yake ci. Ɗan Katsina ne da ya ji labarin wasan kara da hawan ƙaho yana so ya gani da idonsa. Ɗan Maraɗi ne da ya biyo 'yan kokowar jiharsu. Ɗalibai ne daga Zariya da ke karanta tarihin Barno da Damagaram a takarda ba su taɓa ganin ganuwar Tanimun ba. Manoma ne daga wasu ƙasashe da ake kawowa su ga yadda mutanen Mirya da Matamaye da Magarya suka mai da gonakinsu dajin gawo ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa, abin da masana na duniya suka yi ta rubutu a kai. Hawan sallar Kano ya shiga jerin UNESCO a Disamba 2024, idon mutane ya ƙara komawa kan hawan sarakuna, namu kuwa ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowanne. Irin wannan baƙo ba otal mai tsada yake nema ba. Ɗaki mai tsabta, ruwa a bayi, abinci mai kyau, da yaron da ya san tarihi da gaske, wanda zai iya gaya masa dalilin da ya sa Sarki Amadu Kuren Daga ya sa aka kashe Bafaranshe Kyaftin Kazamaju a 1898 da abin da ya biyo baya, ba tare da ƙari ko ragi ba. Matasan da ke zaune a fada, wato majalisar hira ta unguwa, suna shan shayi daga safe zuwa dare, da yawansu sun yi karatun da zai ishe su wannan aiki in an horar da su.

Termit da Tin Tumma kuwa, gandun da aka kafa a 2012 inda ragowar barewar hamada da ake kira adaks ke rayuwa, a kiyaye shi don kansa da don makiyayan da ke zaune a ciki, musamman tunda an taɓa iyakarsa a 2019 saboda aikin mai. Amma kada a sa shi a lissafin kuɗin shiga na kusa. Nisa da tsaro da tsadar tafiya sun fi ƙarfin baƙon da muke da shi yanzu.

Kwanan baya dattijon nan ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce jikokinsa sun ga takalman sun dame shi, yana so ya kawo su hawan salla, su goma sha ɗaya, har da Hajiya. Ya tambayi hanya, na gaya masa gaskiyar shingayen. Ya tambayi masauki, na ce gidanmu gidansa ne. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: "Ɗana, yaya ruwa?" Na ce masa bana ma sai mun saya, amma ya zo. Na riga na yi magana da ɗan ga-ruwan unguwarmu, na kuma sayi bido goma na ƙari.